Ranar da Jawabi Ya Cinye Waƙar Inna Jimma

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da na tsaya riƙe da mikoro a bakin Mushe Direkta, ina murmushin dole, alhali na san duk kalmar da ta fito daga bakinshi tana taka muryar wata tsohuwa da ta riga mu gidan gaskiya. Ku 'yan staji masu koyon aiki da kuke ƙyafta wa juna ido in na ce kada a zare kile, ɗan ƙarfen ajiyan nan da ake sokawa a inji, sai na ba da izini, ku gyara zama. Na san sunan da kuke kirana da shi a bayan idona, kuma ba ku kunka raɗa shi ba, ya girme ku a aiki.

Lokacin ina teknisiyan a wani ƙaramin gidan radiyo na al'umma nan Konni. Ba zan faɗi sunanshi ba, mutanen suna nan da ransu, wasunsu ma muna haɗuwa wajen suna da jana'iza. A takarda, aikina kula da ordinatar, wato kwamfuta, da kayan sitidiyo. A zahiri kuwa duk abin da ke da igiya a jikinshi nawa ne: fanka, firjin buro, dutsen gugar uwargidan Direkta. Ranar da akuyar maigadi ta kwance ma ni anka ƙwala wa kira.

Bari in fara da abin da ba a tsaya an koya muku da kyau a lakwal ba. Cikin kowane ordinatar akwai wani babban ma'aikaci da ba a gani, mu muna ce mishi nwayo. Shi ne tsakiyar tsarin gaba ɗaya, shi ke raba aiki, shi ke karɓar duk abin da ka ce a ajiye. Wurin ajiya biyu gare shi. Akwai ƙwaƙwalwar inji, mai saurin tsiya, amma da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ta manta har sunanta. Akwai kuma diski, ko kile ɗin da ka soka, su ba su mantuwa, sai dai nawa. To in ka ce wa nwayo ya kai maka abu cikin kile, ba nan take yake kaiwa ba. Sai ya aza shi a ƙwaƙwalwa, ya cika maka koren layin nan na allo, ya ce an gama. Daga baya, sannu a hankali, yake sauke kayan inda ka ce. Ba mugunta ba ce. Da sai kowane ɗigo ya isa diski kafin ya amsa maka, da kun yi furfura a gaban allo. Amma dai ku sani, "an gama" ɗinshi irin na tela ne ranar jajibirin salla, yadi yana nan an yanka, allura ce ba ta shiga ba tukuna.

Maganin abin ba wuya. Ko ka danna inda ake neman izinin fitar da kile ka jira ya ba ka, ko ka buga mishi kalma guda, sync. Wannan kalma umarni ce: sauke duk abin da ka riƙe, kuma kada ka amsa mini sai ka sauke. Wani lokaci ƙiftawar ido ne. Wani lokaci kuwa, in kayan da nauyi, kile ɗin kuma irin wanda ake sayarwa a tebur tare da tocila da batir a bakin iyaka ne, sai ka je ka sha shayi ka dawo ka tarar da 'yar fitilarshi tana ta ƙifce-ƙifce.

A gidan radiyonmu wannan jiran abin kunya ne. Cikakken namiji fizge kile yake yi, ya hura mishi iska, ya jefa aljihu. Sau da yawa kuma abin yakan wuce lafiya, don ƙananan abubuwa ne ake ɗauka, sai a waiwayo a dube ni a yi dariya. Nan anka laƙaba mini Malam Dakata. Har maigadi, wanda bai taɓa ɗora yatsa kan ordinatar ba, in ya ga zan tada babur sai ya ce, "A'a, Malam, ka tabbata ya gama saukewa?"

Al'adarmu ta biyu ta fi wannan muni. Ordinatar guda ne a sitidiyo, diskinshi kuma kullum cike yake maƙil, saboda wata doka da ba a rubuta ko'ina ba amma kowa ya haddace ta: jawabin manya ba a share shi. Jawabin buɗe rijiya yana nan. Jawabin rufe taron buɗe rijiya yana nan. Jawabin wani babba da ya zo duba rijiyar bayan ta ƙafe, shi ma yana nan. Direktoci sun zo sun wuce, kowa ya bar tulin nashi, wanda ya gaje shi kuma ba ya taɓawa don kada gobe a taɓa nashi. Ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce a sake sa mishi ko guda ya ji ba. Saboda haka in ana neman wuri, kan talakawa ake faɗawa, hirar manoman albasa, kukan makiyaya kan burtali, waƙar 'yan lakwal. Ba a cewa a share, kalmar ta yi nauyi a baki. Cewa ake a yi kupe, wato a yanke abu daga diski a manna shi a kile ɗin mai shi, radiyo ta huta. Na roƙi diski na biyu har bakina ya bushe. Da anka samu abin sayen kayan aiki, kujera mai juyi anka kawo wa buron Direkta.

Shi Direktan lokacin wani dogon mutum ne da anka turo mana daga nesa, mai son kwat ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne dai da in ya ga kamara sai wuyanshi ya ƙara tsawo. Ya kafa doka cewa ba a kwafar komi daga diski sai da izininshi, wai kada mu riƙa sayar wa masu tura waƙa a waya na bakin tasha.

Wata shekara bayan girbi, wani ɗan kabu-kabu da ake kira Hamidu ya goyo uwarshi a babur daga ƙauyensu can bayan Dogarawa ya kawo mana ita. Sunanta Inna Jimma. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, haƙoranta ba su cika ba, tana rungume da ƙwarya. A zamaninta ita ke ba da waƙa in mata sun taru daɓen ɗaki, kafin siminti ya zo ya kashe sana'ar. Mushe Direkta da kanshi ya shiga ya gabatar da ita, don ya ji ana cewa masu puroje, ƙungiyoyin nan masu ba da tallafi, suna son kayan gargajiya. Da ya fita ta kifa ƙwaryarta ta fara. Ta yi na daɓe, ta yi na niƙa, ta yi na rarrashin jariri, tana yi tana kiran sunayen matan da sunka yi daɓe tare, tana faɗin wadda ta rasu da wadda ta makance. Ni ɗan birni ne, ban taɓa riƙe madaɓi ba, amma wallahi ran nan sai da na juya baya na share ido. Tun hantsi har azahar ta kusa muna ɗauka, kai tsaye cikin ordinatar.

Ba a taɓa sa shirin ba. Duk ranar da anka tsara shi sai wani babba ya yi tari a wani taro, a ce a ɗage. Muna ta ɗagewa har damina ta faɗi, Inna Jimma ta kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinshi.

Bayan an share makoki Hamidu ya zo ya same ni a gindin bedin ƙofar radiyo. Ya daɗe yana murza makullin babur kafin ya yi magana.

"Malam, waƙar nan ta Inna nika so. Ɗiyana ƙanana na, ba za su riƙe muryatta ba. Ni kaina in na rufe ido ina biɗar ta, sai in ji ta hwara gushe min."

Na kai shi wajen Direkta ina tsammanin magana ce ta minti guda. Direkta ya juya a kujerarshi, ya haɗa yatsu.

"Bon. Allah ya jiƙanta. Amma wannan dukiyar al'umma ce, ba a miƙa ta ta taga kamar ƙosai. Sai da seremoni."

Hamidu ya ce to. Ya je ya sayo kile, ya naɗe shi a leda, yana yawo da shi a aljihun gaba. Duk mako sai ya leƙo. Tun yana tambaya har ya koma gaisuwa kawai, ya taɓa aljihu, in girgiza mishi kai. Har ya shiga kai 'ya'yan Direkta lakwal a babur ba ya karɓar komi, ko Allah zai sa a tuna da shi. An tuna da shi kam, duk safiya, lokacin tafiya lakwal.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani babban baƙo zai taho daga Tawa da tawagarshi, kuma zai biyo ta radiyo. Nan take Direkta ya tuna da Inna Jimma. Ya tara mu ya ce ya samo taken biki, "Radiyo ta mayar wa al'umma gadonta." Za a miƙa wa ɗan marigayiya kile a gaban baƙo, a gaban kamara.

Na ce, "Mushe Direkta, to bari in kwafe tun yau, in saurara in tabbatar. Abin da nauyi, kile ɗin kuma ba mai sauri ba ne. Gobe sai miƙawa kawai."

Ya dube ni kamar na zo da shawarar a yi bikin a makabarta.

"Dakata, ka san bambancina da kai? Kai waya kake gani, ni hoto nake gani. Baƙo zai shiga sitidiyo ya ga abin yana tafiya da idonshi. Fasahar zamani. Wala."

Na ce to in dai ina wurin ba laifi. Ya ce ai dole ina wurin, wa zai kunna fanka?

Ranar biki tun da safe anka kafa rumfuna a filin gaban radiyo, anka jera kujerun haya. Kuran babu, sai grup, injin ba da wuta, shi kuma grup ɗin ya zaɓi ranar don ya nuna halinshi. Ina can tsugune a bayan rumfa, hannu duk baƙin mai, motocin baƙi sunka iso da jandarmomi. Kafin in samu injin ya daidaita in ja wayar lasifika zuwa sitidiyo ta taga, Direkta ya riga ya shige da baƙo ciki. Abin da ya faru a can, Madan Hauwa mai gabatar da shirye-shirye ce ta ba ni labari daga baya, don ita ce a gaban ordinatar.

Ta ce ta soka kile ɗin Hamidu da anka karɓa hannunshi da safe, sannan ta buɗe wurin da za a ɗauki jawaban rumfa, sai inji ya ce babu wuri. Ta raɗa wa Direkta. Bai ko ƙifta ido ba.

"Kupe."

"Mushe, wannan fa shi kaɗai gare mu. A kira Malam Dakata."

"Madan, babban baƙo ba ya jiran mai gyaran fanka."

Ta yi kupe. Koren layi ya zura da gudu ya kai ƙarshe, don nwayo yana ta tula kayan a ƙwaƙwalwa. Baƙo ya ɗaga gira ya ce, "Har an gama?" Direkta ya ce, "Zamani ke nan, ranka ya daɗe." Ya miƙa hannu ya fizge kile, fitilarshi na tsakiyar ƙifci. Har da hura mishi iska. Ordinatar kuwa, da ya ji daga bakin nwayo cewa an gama, ya riga ya cire na asali daga diski, kamar yadda anka umarce shi.

Nan ma akwai abin da ya kamata ku sani. In an share abu a diski, ba gogewa ake yi nan take ba. Suna kawai nwayo ke cirewa, ya ce wurin nan fili ne, mai so ya gina. Muddin ba a yi gini a kai ba, ana iya tono abin da ke ƙasa. Amma diskinmu ba shi da wani fili ko na tsugunawa sai wannan da Inna Jimma ta bari. Madan Hauwa ta danna ɗaukar jawabi, sunka fito. Direkta ya kulle sitidiyo ya jefa makulli a aljihun kwat, don ɗakin ne kaɗai mai sanyi, can anka ajiye lemo da gasasshen naman baƙi, kuma ya san ma'aikatanshi.

Ni duk ban san wannan ba. Na wanke hannu na zo gaban rumfa, sai ga sandar mikoro ta karye a wuya, ta sunkuyar da kai ta ƙi tashi. Direkta ya yafuto ni.

"Riƙe mini. Aikin teknisiyan ne."

Na riƙe. Ina tsaye gefenshi da hannu a miƙe, sai na ga kile a hannunshi, an ɗaura mishi jan ƙyalle. Ko kwata na lokacin da nake tsammani ba su yi a ciki ba. Na nemo Madan Hauwa da ido, tana tsaye bayan kujerun mata. Na motsa baki ba sauti, kopi? Ta ɗaga yatsu biyu ta yi almakashi da su. Na nuna kile da haɓa, na ce ya jira? Ta girgiza kai, ta sunkuyar da fuska.

A lokacin akwai sauran dama. In an tsai da ɗaukar nan take, mafi yawan waƙar tana nan kwance a diski, zan iya tono ta. Na matsa kusa da kunnen Direkta.

"Mushe, don girman Allah ba ni makullin sitidiyo. A tsai da ɗauka. Waƙar tsohuwa za ta tafi."

Ya rufe mikoro da tafin hannu, yana yi wa baƙo murmushi, ya ce ta gefen baki, "Bayan jawabi."

"Jawabin ne zai cinye ta!"

"Dakata, yau kai za ka dakata. Ɗaga mikoro."

Na waiga. Wani jandarma ƙato yana tsaye a bayana, irin waɗanda in ka yi motsin da ba ya cikin tsari kusa da baƙo sai dai ka farka a ƙasa. Ko grup na samu na kashe ba amfani, akwai batirin da ke riƙe ordinatar, ni da hannuna na gyara shi a makon. Sai na ɗaga mikoro.

Ya Salam, jawabi! Ya gai da baƙo da duk muƙamanshi, na yanzu da waɗanda ya bari. Ya gai da tawaga ɗaya bayan ɗaya har direba. Ya ɗauko tarihin sadarwa tun daga mai shela da gangarshi, ya biyo da shi ta kan wayar tangaraho, bai tsallake komi ba. Ya yi da Faransanci, sannan ya ce saboda iyayenmu da ba su yi lakwal ba bari ya maimaita da Hausa. Ni kuwa hannuna ya sage, kaina yana lissafin abin da ke tafiya. Yanzu na daɓe sun tafi. Yanzu an shiga na niƙa. Da ya zo inda ya ɗaga murya yana yi wa matasan zamani kashedi kan sakaci da gadon iyaye, har yana dukan tebur, na san sunayen matan nan da ta yi ta kira sun bi sahu. Anka yi tafi raf-raf. Baƙo ma ya tashi ya ce shi ba mai dogon zance ba ne, kun dai san abin da ke biyo bayan wannan.

Hamidu yana sahun gaba cikin babbar rigar aro, matarshi da 'ya'yanshi a gefe, an yi musu wanka an shafa musu mai. Anka kira shi, ya durƙusa ya karɓi kile da hannu biyu. Mai hoto ya ce bai kama ba, anka karɓe anka sake miƙa mishi. Ya sake durƙusawa. Da zai koma kujera ya dube ni ya yi dariya, ya ɗaga mini kile ɗin. Ban taɓa jin kunyar riƙe mikoro irin ta wannan lokaci ba.

Sai bayan la'asar, da baƙi sunka cinye nama sunka kama hanya, na samu shiga sitidiyo. Ɗakin na warin albasa da yaji. Ordinatar yana ta ɗaukar ƙarar masu naɗe rumfa, har ya cike ɗan filin tas ya tsaya da kanshi. Na leƙa waje, Hamidu yana ɗora iyali a babur. Da in bar shi ya je gida ya tara dangi ya kunna, gara ya ji a gabana. Na ce ya zo mu gwada.

Munka soka kile. Ga sunan nan ya fito a allo, Inna Jimma. Hamidu ba ya karatun boko sosai amma ya gane sunan uwarshi, ya sa yatsa a kai. Na danna.

Muryar Mushe Direkta ce ta fito, tas, ba ko ƙura. Gabatarwar da ya yi ranar ɗauka. Nwayo daga farko yake fara saukewa, kuma farkon nashi ne. Masu saurare barkanmu da war haka, ni ne Direktanku. Ya yi bayanin muhimmancin gargajiya. Ya yi bayanin yadda shi da kanshi ya gano wannan baiwar Allah a lungun ƙauye, alhali Hamidu ne ya goyo ta har ƙofa. Hamidu yana zaune ya dafe gwiwa, yana jira. Can sai munka ji kujera ta yi ƙara, munka ji an kifa ƙwarya a ƙasa, munka ji ɗan tari. Sai muryarta, 'yar siririya, da dariya a cikinta:

"Ka ƙare, ɗana? To, in hwara?"

Shi ke nan. Daga nan sai shiru.

Hamidu ya dube ni. "Malam, ya tsaya."

Na ce, "Ba tsayawa ya yi ba, Hamidu. Iyakar abin da ya shiga ke nan."

"To a sake zubawa daga inji."

Na gaya mishi gaskiya, yadda na gaya muku yanzu, sai dai ban iya kallon fuskarshi ba. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya cire hular aro ya riƙe a hannu, yana ta kallon allo.

Ana cikin haka Direkta ya shigo yana sakace haƙori. Na faɗa mishi abin da ya faru, a gaban Hamidu, ban rage komi ba. Ya karɓi kile ya jujjuya shi a haske.

"A ina ka sayi wannan?"

Hamidu ya ce a bakin iyaka.

"Wala! Jabu ne. Ku mutanen nan ba ku jin magana, kullum sai kayan arha." Ya sa na sake kunnawa, ya saurara yana gyaɗa kai. "Amma ka ji, inda ya ɗauka ya ɗauka da kyau. Muryar ta fito sarai." Sannan ya juyo gare ni. "Jawabin yau fa, ya shiga duka?"

Na ce ya shiga duka, Mushe, har da tafi.

Na yi kwanaki ina tonon diskin nan da duk dabarar da na sani, na kira wani abokin karatuna a Yamai ya ƙara mini wasu. Duk inda na tona sai in ci karo da ranka ya daɗe babban baƙo. Ko amon ƙwarya ban samu ba. Direkta kuwa hotonshi yana miƙa kile ya zaga ko'ina, ba a daɗe ba anka ɗauke shi zuwa wani muƙami da ya fi wannan. Mun yi mishi walimar bankwana, ya yi jawabi.

Da na tabbatar babu, na nemi Hamidu a tashar 'yan kabu-kabu na ba shi haƙuri. Ya laluba aljihun gaba ya fiddo ledar nan.

"Malam, abu guda za ka yi min. Cire na Mushe. Bar min nata."

Na yanke mishi. Abin da ya rage bai fi numfashi biyu ba, ƙarar kujera, ƙwarya, tari, da maganar. Na sa mishi a kile, na sa mishi a waya, na ajiye a wurare uku da ba wanda ya isa ya ce mini kupe.

To ga abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku ɗauka in kuna so. Inji ba ya cin amana, gaggawar amsawa ce gare shi, kuma mu munka koya mishi, don mun fi son a ce mana an gama da a ce mana jira. Danna maɓalli ba shi ne aikin teknisiyan ba, wannan ko akuya ta taka za ta danna. Aikin shi ne ka tsaya ƙyam tsakanin kile da hannun mai gaggawa, ko hannun wane ne, har fitila ta daina ƙifci. Za a yi maka dariya, za a raɗa maka suna, wata rana babba zai harare ka a gaban baƙi. Ba wanda zai taɓa gode maka, don abin da bai ɓace ba ba a ganin shi. Wanda ya san ba zai iya jure wannan ba, ƙofa a buɗe take, tasha tana neman masu tura waƙa a waya.

In kuma kun ga ina ɗaukar zafi fiye da kima kan ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba, ku yi mini uzuri. Kwanan baya Hamidu ya ɗauko ni daga kasuwa. Muna tafe na tambaye shi yara, ya ce lafiya lau. Ya ce autarshi, wadda ke goye ranar bikin, ita ce ta fi kowa son a kunna mata kakarta. In an gama cin tuwo sai ta ɗauko wayar ta kawo mishi. Ya kunna, tsohuwa ta yi tarinta ta ce, "To, in hwara?" Ita kuma yarinyar sai ta gyara zama, ta kai bakinta kusa da wayar ta ce, "Hwara, Inna, muna ji."

Ya ce kullum sai ta ɗan jira.